Amsa: Girgijen da ke kama da gashin tsuntsu

Malam, ka ce ka ga wani siririn girgije fari, kamar an barbaza gashin tsuntsu, can ƙololuwar sama a kan Kusugu, kana tambaya ko alamar ruwa ce.

Shi dai wannan girgije ba ya zubar da ruwa har ƙasa. Yana tsayawa ne sama da mita 6,000, inda sanyi ya kai matuƙa, don haka ba ɗigon ruwa ne a cikinsa ba, ƙananan ƙwayoyin ƙanƙara ne. Suna faɗowa, amma iska mai ƙarfi tana jan su gefe, su ƙafe tun kafin su iso mu. Wannan jan shi ne wutsiyar da kake gani. Masana suna kiransa siras, sunan da wani Bature ɗan Ingila, Luke Howard, ya ba shi a 1802.

Sai dai a damina kada ka raina shi. Sau da yawa daga kan babban hadari yake tsinkewa, iska ta kwaso shi daga nesa. Ni kaina na sha tsayawa a gonarmu ta hanyar Mai'adua da la'asar, in ga ya shimfiɗu daga gabas, kafin isha'i kuwa hadari ya taso. Amma ba kullum ba, Allah ne masani.

Kuma kada ka haɗa shi da hazon hunturu. Shi hazo ƙura ce daga hamada, a ƙasa-ƙasa take tafiya, har tana shiga maƙogwaro.