Bayan Fyaɗe: Amsoshin Likita Ga Masu Karatu

Tambaya: Likita, shekaranjiya da dare wani da na sani ya yi mini fyaɗe. Na yi wanka, na wanke kayan jikina, kuma ban faɗa wa kowa ba. Zuwa asibiti zai amfane ni yanzu?

Amsa: Sannu ƙanwata, Allah ya ba ki lafiya. Zai amfane ki ƙwarai, kuma yau za ki tafi, kada ki bari sai gobe. Akwai magani da ake kira PEP mai hana ƙwayar cutar HIV kama jiki, amma sai an fara shi kafin awa 72 ta cika, kuma gwargwadon saurin farawa, gwargwadon ingancinsa. Kullum ake shan sa har kwana 28. Wasu kan ji tashin zuciya da kasala a farko. Idan hakan ta same ki, kada ki ajiye shi, koma ki faɗa wa likita.

Sai batun ciki. Akwai ƙwayoyin hana ɗaukar ciki na gaggawa: levonorgestrel ta fi aiki cikin kwana 3 na farko, ulipristal kuma tana kaiwa kwana 5. Aikinsu jinkirta fitar ƙwai ne, ba sa taɓa cikin da ya riga ya shiga. Akwai kuma na'urar jan ƙarfe da ake sawa a mahaifa cikin kwana 5, ita ta fi su duka kariya. Za a haɗa miki da maganin ciwon sanyi da tunjere, da rigakafin ciwon hanta nau'in B, da allurar tetanus idan akwai rauni. In ya shaƙe ki a wuya, ki faɗa ko da babu tabo, don lahanin kan ɓuya a ciki.

Wankan da kika yi kada ya dame ki, da yawa cikin waɗanda abin ya sama shi suke fara yi. Ki nemi likita ya rubuta duk abin da ya gani a jikinki, domin ko ba ki shirya kai ƙara yanzu ba, takardar na nan ranar da kika shirya. Ga wadda ba ta riga ta wanke kayanta ba, ta naɗe su a takarda. Leda na riƙe danshi, danshi kuma na lalata shaida.

Tambaya: 'Yata mai shekara 14 ta ce wani ɗan'uwan mahaifinta ya ɓata ta. Dangi sun ce a kai ta a duba ko budurcinta na nan, sannan a rufe maganar.

Amsa: Mama, ban goyi bayan ko ɗaya ba. A 2018 Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi kira da a daina gwajin budurci, domin duba fatar ba ya nuna ko an sadu da mace ko ba a sadu ba. Yara mata da yawa an yi musu fyaɗe, aka duba ba a ga rauni ba. Abin da take bukata shi ne maganin da na lissafa a sama, da gaggawa. Ki raba ta da mutumin nan tun daren yau, ki sanar da hukuma, domin wanda aka rufa wa asiri yakan sake, ko a kanta ko a kan wata. Kuma ta ji daga bakinki: "Na yarda da ke, ba laifinki ba ne." Kada a sa ta maimaita labarin ga duk wanda ya shigo.

Tambaya: Ni namiji ne. Lokacin da abin ya faru jikina ya sandare, ko ihu ban iya yi ba. Hakan na nufin na amince?

Amsa: A'a, ɗan'uwa. Idan tsoro ya kai maƙura, ƙwaƙwalwa kan daskarar da jiki ba da zaɓin mutum ba, har murya ta ɗauke. Maza da mata duk yana samun su. Kai ma PEP da sauran magungunan cututtuka haƙƙinka ne.

Tambaya: Mako 6 ke nan, ba na barci sai mugun mafarki, ƙamshin turare irin nasa ma sai gabana ya faɗi. Ko na fara taɓuwa ne?

Amsa: Hankalinki lafiya lau, 'yar'uwa. Firgita da rashin barci a makonnin farko abu ne da aka saba gani. Amma tunda ya wuce wata guda, ki ga likitan ƙwaƙwalwa ko ƙwararren mai ba da shawara, domin yana iya zama ciwon firgici na bayan tashin hankali, kuma jinyar da ake yi ta hanyar tattaunawa tana taimakawa sosai. Ki guji maganin barci ba da iznin likita ba. Ki yi gwajin ciki idan al'ada ta makara, ki sake na HIV bayan wata 3 da faruwar abin. Idan kuwa tunanin kashe kanki ya zo miki, kada ki kwana da shi ke kaɗai: ki faɗa wa wadda kika amince da ita, ta raka ki asibiti a ranar.