Ga uwar da ɗanta ya samu mataki na 1 a jarrabawar jihar New York

Assalamu alaikum. 'Yar'uwa, na karanta tambayarki tun jiya da daddare, na ga ya kamata in zauna in amsa miki a tsanake, domin abin da ya same ki ni ma ya taɓa samuna. Kin ce ɗanki ya baro Maraɗi shekara biyu da suka wuce, kuma can gida shi ne yake zuwa na ɗaya ko na biyu a ajinsu, amma yanzu da ya gama aji shida a nan Bronx sakamakon jarrabawar jiha ya nuna mataki na 1, wato mafi ƙasa, a Turanci da mataki na 2 a lissafi. Kina tsoron kada a mayar da shi baya, mahaifinsa kuma yana ganin wasa ne ya yi masa yawa.

Ki fara kwantar da hankalinki kan maganar maimaita aji. Tun 2014 dokar jihar New York ta hana makaranta ta mayar da wannan sakamako babban dalilin riƙe yaro a aji. Ana duba aikinsa na duk shekara da makin da malamansa suka ba shi, kuma ana yanke wannan hukunci ne a watan Yuni, kafin ma sakamakon jihar ya iso hannun iyaye. Jarrabawar kanta gwamnatin tarayya ce ta wajabta ta, tun daga dokar ilimi da Shugaba George W. Bush ya sa wa hannu a 2002, wadda Shugaba Obama ya maye gurbinta da wata a 2015. Kowace jiha sai ta gwada yaranta a karatun Turanci da lissafi duk shekara daga aji uku zuwa aji takwas, da nufin a ga ko makarantu na sauke nauyin da ke kansu. Matakan huɗu ne, kuma na 3 shi ne ake ɗauka cewa yaro ya kai matsayin ajinsa.

Babban ɗana ya zo ƙasar nan daga Damagaram a 2011, ya kuma rubuta jarrabawar aji shida a 2013. Mataki na 1 ya samu a Turanci. Na yi kuka a ɓoye, na karɓe masa ƙwallo, na hana shi fita har tsawon wata guda, kuma har yau idan na tuna sai in ji ba daɗi, domin ban san abin da nake hukunta shi a kai ba. Daga baya ne na gane cewa a wannan shekarar jihar ta canza jarrabawar ta ƙara mata tsauri, har yaran da suka kai mataki na 3 ko na 4 a faɗin jihar suka koma kusan kashi 31 cikin ɗari, alhali a shekarar da ta gabata sun haura kashi 55 a Turanci, sun kusa kashi 65 a lissafi. Yaran jihar ba su dakushe a cikin shekara guda ba, ma'aunin ne aka sauya. Idan 'ya'yan da aka haifa da Turanci a baki sun faɗi haka, ina ga yaron da bai cika shekara biyu da fara jin harshen ba?

Abin da ya buɗe min ido ya faru ne a kan teburin ɗakin girkinmu. Na sa shi ya yi wasu tsofaffin tambayoyin lissafi a gabana, sai na ga ya rubuta amsar da ta yi nisa da gaskiya ƙwarai, alhali duk matakan aikinsa daidai suke. A cikin tambayar an rubuta 1,250. Shi kuwa a makarantarsu ta Damagaram, inda ake bin tsarin Faransa, waƙafi a tsakanin lambobi yana nufin ɗaya da ɗan wani abu, wato abin da Amurkawa ke rubutawa da ɗigo. Ya karanta dubu ɗaya da ɗari biyu da hamsin a matsayin ɗaya da kwata. Da muka ci gaba sai ga inci da ƙafa da fam, shi kuma mita da kilo ya sani. Ko yadda ake jera lissafin rabawa a takarda ba iri ɗaya ba ne, har wata malama ta taɓa soke masa aiki don ba ta gane tsarinsa ba, ko da yake amsar daidai ce. Ki zauna da naki ɗan ki gwada wannan, ina kyautata zaton za ki tarar da irin waɗannan ƙananan tarkuna. Mataki na 2 a lissafi ga yaron da ya shekara biyu kacal a nan yana nuna cewa yana da ƙwaƙwalwar lissafi, domin yawancin tambayoyin ɗan labari ne da Turanci wanda sai ka fahimce shi kafin ka san ko tarawa ake nema ko ɗebewa.

Turancin kuwa shi ne babban aikin, kuma a nan ne mu iyaye muka fi ruɗuwa. Muna jin yaro yana zuba Turanci da abokansa a bakin titi kamar a nan aka haife shi, har shi ke yi mana tafinta a asibiti, sai mu ɗauka ya gama koyo. Turancin hira daban yake da Turancin littafi. Masanin ilimin harshe Jim Cummins na Jami'ar Toronto ya daɗe da nuna cewa yaro baƙo kan kama harshen hira cikin shekara biyu ko ƙasa da haka, amma harshen karatu yakan ɗauke shi shekara biyar zuwa bakwai kafin ya kamo tsaransa. Jarrabawar jiha harshen karatu take gwadawa. Za a ba yaro dogon rubutu, wani lokaci kan tarihi ko kimiyya, a ce ya fitar da manufar marubucin, ya kuma kafa hujja da kalmomin da ke cikin rubutun. Yaran da suka taso da hadda, kamar namu, sukan rubuta abin da suka sani a kansu maimakon su koma cikin rubutun su ɗauko hujja, sai su rasa maki ko da sun fahimci abin da suka karanta.

Saboda haka ki nemi wata takardar da ta fi wannan faɗa miki gaskiyar halin da yake ciki, wato sakamakon NYSESLAT, jarrabawar da ake yi wa masu koyon Turanci duk shekara a sauraro da magana da karatu da rubutu. Matakanta biyar ne. Idan ya hau daga matakin bara zuwa na gaba, to yana tafiya yadda ya kamata. Ki kuma tambayi makaranta ko an ba shi sauƙin da ya cancanta a ranar jarrabawa, domin mai koyon Turanci yana da damar amfani da ƙamus na harshe biyu, kuma a lissafi ana iya fassara masa tambayoyi da baki idan babu bugu a harshensa. Iyaye da yawa daga cikinmu ba su san da wannan ba, makarantu kuma ba kullum suke tunatarwa ba. Tun 2016 an cire ƙayyadadden lokaci daga jarrabawar, amma yaranmu sukan yi sauri su miƙa don kada a gan su su kaɗai a zaune. Ki gaya masa babu kunya a zama na ƙarshe.

Abin da ya yi mana aiki a gida ba mai tsada ba ne. Na yi masa katin laburare, muka sa doka cewa bayan sallar magariba minti talatin na karatu ne, littafin da ya zaɓa da kansa, ko na ƙwallo ne. Idan ya gama sai ya ba ni labarin abin da ya karanta da Hausa, ni kuma in ce masa, "A ina ka ga haka? Nuna min layin." Da farko yakan ji haushi, ya ce ban yarda da shi ba. Bayan wasu watanni sai ya fara zuwa da yatsarsa a kan layin tun kafin in tambaya. Wannan tambayar ita ce dai jarrabawar ke yi masa. Kada ki daina yi masa Hausa ko ki hana shi Faransancinsa da sunan taimako, domin kalmomin karatu masu wuya a Turanci da yawansu 'yan'uwan na Faransanci ne, kuma ɗana ya ci moriyar hakan sosai. Laburaren birnin ya daina cin tarar jinkirin mayar da littafi tun 2021, don haka babu fargabar bashi. Ma'aikatar ilimi ta jiha kuma tana sakin mafi yawan tambayoyin kowace shekara a intanet kyauta. Sau ɗaya a mako ya isa, kuma ya riƙa yin wasu a kwamfuta, tunda jihar ta karkata ga yin jarrabawar ta kwamfuta, kuma yaron da bai saba buga rubutu ba yakan gajarta amsarsa.

Ɗana ya koma mataki na 2 a aji bakwai, ya tsaya a nan a aji takwas, sannan ya ci jarrabawar Regents ta Turanci a babbar sakandare ba tare da maimaitawa ba. Ban ce kowane yaro haka tafiyarsa za ta kasance ba, kuma idan kika ga shekara ta zagayo babu motsi ko kaɗan, ko yana wahalar karatu har a Faransanci, ki rubuta wa makaranta ki nemi a duba shi, domin haƙƙinki ne.

Wannan aji bakwai da ya shiga shi ne ya kamata ki sa wa ido sosai, saboda manyan makarantun sakandare masu tace ɗalibai suna duba makin darussan aji bakwai, kuma a farkon aji takwas ake rubuta SHSAT, wato jarrabawar shiga makarantu irin su Bronx Science da Stuyvesant. Ki roƙi mahaifinsa ya bar masa ƙwallonsa, amma a karɓi waya da daddare domin ya samu barci. Akwai ganawar iyaye da malamai a watan Nuwamba, kuma kina da damar neman tafinta kyauta. Ki tafi da takardun sakamakon biyu, ki tambayi malamin Turanci matakin karatun yaron a yanzu da irin ƙarin taimakon da ake ba shi a cikin mako. Idan kina so, ki yi min magana ta gefe kafin ranar, in sha Allahu zan raka ki.