Amsa: Me Ya Sa Gwamnati Ta Rage Gina Gidaje?

Malam, ka tambayi dalilin da ya sa gwamnatin tarayya ba ta gina gidaje da yawa kamar a zamanin Shagari, ta bar wa 'yan kasuwa fagen. Shi ma shirin Shagari na gina gidaje 2,000 a kowace jiha duk shekara bai kai ko kusa da adadin da aka tsara ba kafin juyin mulkin 1983, kuma an gina wasu rukunonin a bayan gari, inda babu ruwa balle hanya, har suka daɗe babu kowa a ciki.

Manufar gidaje ta ƙasa ta 1991 ce ta sauya alƙibla, ta mayar da gwamnati mai share fage, ginin kuwa ya koma hannun kamfanoni da ɗaiɗaikun mutane. Asusun gidaje na 1992 ya zo da tsarin cire kashi 2.5 cikin ɗari na albashin ma'aikaci domin a ba shi rancen mallakar gida. A ganina babban cikas shi ne Dokar Filaye ta 1978, domin neman takardar mallaka da amincewar gwamna yana cin lokaci da kuɗi, shi ya sa kamfanoni suka fi gina wa masu hali a Abuja da Legas.