Tambaya da Amsa: Mai Jinyar Sankarar Mama, Ta Kwanta ko Ta Motsa?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Wata huɗu ke nan da aka yi wa maiɗakina aikin sankarar mama a Kano, aka cire mata nonon dama tare da kaluluwar hammata, kuma yanzu tana karɓar allurar kemo, wato maganin kashe ƙwayoyin cutar daji, duk bayan mako uku. Likitanta ya ce ta riƙa tattaki kullum, amma da muka dawo gida mahaifiyarta ta ce sam, marar lafiya hutu yake bukata, ko tsintsiya ta hana ta ɗauka. Ita kuwa gajiyarta ƙaruwa take yi, hannun ma ba ya ɗaguwa sosai. Maganar wa zan bi?
Daga wani magidanci, ƙasar Ringim, Jihar Jigawa.

AMSA: Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya ba ta lafiya, ya sa kaffara ne. Maganar likita za ka bi, amma kada ka ga laifin surukarka, domin har likitoci sun daɗe suna ba masu ciwon daji shawarar kwanciya kafin bincike ya nuna akasin haka.

Gajiyar wannan ciwo ba irin ta wanda ya wuni a gona ba ce, wadda barcin dare ɗaya ke wartsakewa. Cutar da maganinta ne ke kawo ta, doguwar kwanciya kuma tana ƙara mata ƙarfi, saboda naman jikin da ba ya aiki zubewa yake yi, zuciya da huhu su yi rauni, har zuwa banɗaki ya zama aiki. Sai a ce ta ƙara hutawa, hutun kuma ya ƙara kashe mata jiki. Ban da wannan, mai ciwon daji ya fi sauran mutane haɗarin daskarewar jini a jijiyar ƙafa, zama wuri ɗaya kuwa yana ƙara wannan haɗari. A nan dai motsi ya fi laɓewa.

A shekarar 2019 rahoton wani taron masana a Amurka ya tattara binciken da aka yi, ya tabbatar da cewa motsa jiki matsakaici na minti 30, sau uku a mako, yana rage gajiya da fargaba da damuwa ga masu jinyar daji. A 2025 kuma aka fitar da sakamakon wani bincike da masanan Kanada suka jagoranta kan mutum 889 da aka yi wa aikin dajin babban hanji suka gama kemo. Waɗanda aka sa wa tsarin motsa jiki na shekara uku, 80 cikin 100 sun kai shekara biyar ba tare da cutar ta dawo ba, alhali 74 ne a cikin waɗanda aka ba takardar shawara kawai. Wannan a dajin hanji ne, kuma dukkansu sai da aka yi musu aiki suka karɓi kemo kafin su fara. Na nanata haka ne saboda na san yadda tsadar magani ke sa iyali neman dalilin dakatarwa. Tattaki ba ya maye gurbin allura ko guda ɗaya.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babba ya samu aƙalla minti 150 a mako, amma wannan inda za ta dosa ne, ba inda za ta fara ba. Ta fara da minti biyar zuwa goma, safe da yamma, ko da zagayen tsakar gida ne idan ba ta fita, sannan ta ƙara minti biyu ko uku duk mako. Saurin da ake so shi ne wanda za ta iya hira a cikinsa amma ba za ta iya rera waƙa ba. Ta zaɓi bayan asuba ko bayan la'asar sakaliya, musamman a bazara, ta sha ruwa sosai, ta kuma sa takalmi mai kama ƙafa, domin wasu magungunan kemo suna sa tafin ƙafa ya mutu har ƙaya ta soki mutum bai ji ba. Kwanakin farko bayan allura sukan fi wuya, ranar ko tashi ta zauna a inuwa ta taka kaɗan ya isa. Daga kwana bakwai zuwa sha huɗu kuwa garkuwar jiki ta fi yin ƙasa, don haka ta nisanci cunkoson biki da suna, ta kuma bar wa wani sharar turken dabbobi.

Batun hannun ya fi damuna, domin kafaɗar da aka bari wata huɗu tana iya sandarewa. Ta tsaya ta fuskanci bango, ta riƙa hawa da yatsunta sama a hankali har inda ta ji ya ja amma bai yi zafi ba, sau goma, safe da yamma, ta kuma riƙa taje kanta da wannan hannun. A da ana hana irin waɗannan mata ɗaukar komai don tsoron kumburin hannu, sai wani bincike na 2009 a Amurka ya nuna cewa ɗaga nauyi kaɗan-kaɗan, ana ƙarawa a hankali, bai ƙara kumburin ba. Saboda haka shara da tankaɗe da tsintar wake ba laifi, amma daka da surfe da jan guga a rijiya su jira sai likitan gashin ƙashi ya duba ta, kuma akwai sashensu a Asibitin Malam Aminu Kano. Idan zobe ko awarwaro ya fara matse ta, ko hannun ya yi nauyi, a sanar da likita da wuri.

Ta dakata ku nufi asibiti idan zazzaɓi ya kama ta, ko numfashi ya yi mata wuya, ko ƙirji na ciwo, ko ƙafa ɗaya ta kumbura, ko ta ji sabon ciwo a baya ko ƙugu da ba ya lafawa, domin idan cutar ta taɓa ƙashi dole a sake tsarin gaba ɗaya. Zazzaɓi a lokacin kemo ba na jira sai gari ya waye ba ne.

Surukarka kuwa, kada ka yi jayayya da ita. Ranar allura ta gaba ka tafi da ita ta ji daga bakin likita, sannan ka roƙe ta ta zama ita ce mai raka 'yarta zagayen safe.