Teburin karatu da katakon falet: ta ina zan fara?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina aiki a wani sito da ake sauke kayan kwantena, sai maigidana ya ba ni falet huɗu, wato dandamalin katakon nan da ake jera kaya a kai. Ina so in haɗa teburin karatu da zan ɗora kwamfuta. Wani abokina ya ce katakon yana da guba. Gaskiya ne? In babu matsala, yaya zan ɓamɓare shi, in haɗa, ya yi kyau? Daga wani mai karatu a Kano.

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Abokinka bai yi ƙarya ba, amma ba kowane falet ba ne. Kafin ka ɗauki guduma, duba gefen kowanne. Wanda ya tsallako iyakar ƙasa yana ɗauke da hatimi mai zanen zangarniyar alkama da haruffan IPPC, sai haruffa biyu na ƙasar da aka yi shi. Dokar ƙasa da ƙasa ta buga wannan hatimi ta samo asali ne a 2002, don kada ƙwarin itace su riƙa yawo daga ƙasa zuwa ƙasa. In ka ga HT, an gasa katakon ne har cikinsa ya kai zafin digiri 56 na tsawon minti 30, ba a sa masa komai ba. Wannan shi kake nema. In kuwa ka ga MB, an turara shi da iskar maganin ƙwari, wadda Tarayyar Turai ta hana amfani da ita tun 2010. Kada ya shiga ɗakin da kake kwana, kada kuma a hura wutar girki da shi.

Sai dai hatimi ba ya faɗin abin da falet ya ɗauka bayan ya bar masana'anta. Kai da ke sito ka fi kowa sani. Wanda aka jera wa taki, maganin feshi, batir ko man inji, ko wanda ke da tabon da ba ka san asalinsa ba, bar shi. Sunsuna shi ma, hanci ba ya ɓoye wa mutum irin wannan.

Falet ɗin Turai mai tambarin EUR ko EPAL tsawonsa santimita 120 ne, faɗinsa 80. Alluna biyar na samansa, in ka jera su gefe da gefe, sun ɗan haura santimita 60, kaurinsu milimita 22. Ka ga kenan fuskar teburi ce cif: 120 da 60. Amma ƙusa 78 ke riƙe da falet ɗaya, kuma irin mai zobba ce a jiki da aka yi don kada ta fita. Duk wanda ya sa ƙarfe ya banƙara da ƙarfin tsiya zai tsaga rabin allunan. Ni abin da nake yi, ina zura zarton yankan ƙarfe tsakanin allo da gungumen da ke ƙarƙashi in yanke ƙusoshin, sannan in buga guntayen daga baya su fito. Bayan nan ka bi kowane allo da maganaɗisu. Guntun ƙusa ɗaya ya isa ya lalata wuƙar injin gogar katako, kuma masu inji a 'yan katako sun sha wannan wahalar, shi ya sa wasu ba sa karɓar katakon falet sam.

Yanzu ga inda mafi yawan mutane ke faɗuwa. Sun ɓamɓare yau, gobe sun haɗa. Katako yana shan danshin iska yana kumbura, yana fitarwa yana tsukewa, kuma a faɗinsa yake yin haka, ba a tsawonsa ba. A ƙasarmu kuwa tazarar da ke tsakanin danshin Agusta da bushewar hunturu ba ƙarama ba ce. Na taɓa haɗa wa wani teburi da damina da katakon da ya kwana a waje. Kafin Janairu an ga haske ta tsakanin allunan, gefe ɗaya ya lanƙwashe kamar ƙwarya. Laifina ne, don na yi gaggawa. Saboda haka ka wanke allunan da burushi da omo, ka jera su a inuwa, ka sa ƙananan sanduna tsakaninsu iska ta ratsa, ka ɗora nauyi a sama. A ba su mako biyu zuwa uku, in son samu ne a cikin ɗakin da teburin zai zauna. Kada ka shanya a rana, tsagewa za su yi. Wanda ka ga ƙananan ramuka da gari na zuba daga ciki, ƙwaro na nan, a jefar.

In sun bushe, kai su a goge fuska a kuma miƙar da gefuna. Gefen shi ne komai: alluna biyu su haɗu ba tare da haske ya ratsa ba. Shafa farin gam na kafintoci a gefunan, ka matse. In ba ka da abin matsewa, kafa sanda biyu a kan benci, tazararsu ta ɗan fi faɗin teburin, ka jera allunan a tsakani, ka buga 'yan guntayen katako masu tsini a gefe har gam ya fito ta layin. Bar shi ya kwana. A ƙarƙashi ka gicciya sanda uku da sukuru, amma banda gam, kuma ramukan sukurun na gefe ka ɗan tsawaita su, don fuskar ta samu wurin motsi in yanayi ya juya.

Ƙafafu kam, shawarata ka sayi sabon katako mai kauri, ko mai walda ya yi maka na ƙarfe. Gungumen falet gajere ne, ba ya kai wa. Tsayin teburi daga ƙasa santimita 74 zuwa 76, ka bar kamar 62 a ƙarƙashi don gwiwa. Haɗa ƙafafun da allo a kewaye ta sama, da wani a baya ta ƙasa, in ba haka ba zai riƙa rawa duk lokacin da kake rubutu. Ka shafa wa gindin ƙafafun maganin gara.

Ramukan ƙusa ni ba na ɓoye su duka, don su ne adon wannan katakon. Amma a inda hannu da takarda za su riƙa bi, kwaɓa garin katakon da gam ka cike. Goga da sandifefa mai lamba 80, sai 120, sai 180, kullum bin tsawon katakon, da takunkumi a hanci. Yawancin falet itacen fayin ne mai laushi, yana shan launi wani wuri da yawa wani wuri kaɗan, don haka gwada a guntu tukuna. Ni na fi son a bar shi da launinsa. Banish, wato man da ake shafa wa katako ya kare shi ya yi ƙyalli, shafi uku: na farko a tsinka shi yadda gwangwanin ya nuna don ya shiga jiki, kowane shafi ya bushe sosai, a ɗan goga da lamba 320 kafin na gaba. Ƙasan teburin ma a shafa masa, don in fuska ɗaya kawai aka rufe, ɗayar za ta riƙa shan danshi teburin ya karkace. In da hunturu ne, yayyafa ruwa a daɓen ɗakin ƙura ta kwanta, ka bar taga ɗaya a buɗe saboda warin. Ka jira mako guda bayan shafin ƙarshe kafin ka ɗora kwamfutar, don banish yana bushewa a sama tun cikinsa bai yi tauri ba.