Kaushi ko Santsi: Tambayoyinku kan Abin da Ake Dasawa a Jiki

Tambaya: Likita, za a dasa min haƙori, an ce ƙarfen yana da kaushi. Ba mai santsi ne ya fi tsafta ba?

Amsa: Malam, da gangan ake yin kaushin. Ƙarfen titaniyam ne, ana fesa masa ɓarɓashi mai tauri, a tsoma shi a asid, sai fuskarsa ta cika da ramuka ƙanana, kaushin maikiromita 1 zuwa 2 (maikiromita 1,000 ne milimita ɗaya). Ido ba ya gani, amma ƙwayoyin halitta masu gina ƙashi suna jin sa. Da an dasa, gudan jini ke maƙalewa a ramukan, ƙwayoyin su biyo zarensa su iso jikin ƙarfen, su kama, su fara zuba sabon ƙashi. A kan santsi, gudan kan zame idan ya tsuke. Shi ya sa jiran da kan kai wata 3 zuwa 6 a da, yanzu yakan tsaya a mako 6 zuwa 8 ga mai ƙashi lafiyayye.

Sai dai ƙwayoyin cuta ma suna son kaushi, don haka sashen da ke taɓa dasashi sumul ake goge shi. Idan ka ga jini ko mugunya a gindin haƙorin, kada ka jira ciwo, ka koma asibiti.

Tambaya: An sa wa mahaifina ƙarfen ƙugu marar siminti, an ce ya riƙa dogara sanda. Me ya sa?

Amsa: Tunda ba a sa simintin da ke manne ƙarfe da ƙashi ba, ƙashin ne zai riƙe shi: jikin ƙarfen na da ƙofofi na maikiromita 100 zuwa 400, ƙashi ke tsirowa ya shige cikinsu. Idan ƙarfen na motsi fiye da maikiromita 150, tsokar tabo ce za ta cike gurbin, ƙarfen ya yi sako-sako. Baba ya riƙe sandarsa har likitansa ya sallame shi.

Tambaya: Robar mama mai kaushi aka sa min bayan tiyatar kansa. A cire ta?

Amsa: Hajiya, na fahimci damuwarki. An danganta masu kaushi sosai da wata kansar ƙwayoyin garkuwar jiki da ba kasafai ake samu ba. A 2019 kamfanin Allergan ya janye samfurin robarsa mai kaushi mai suna Biocell saboda haka. Hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka (FDA) ba ta ba da shawarar cirewa ga wadda ba ta da alama ba. Alamar ita ce kumburin gefe ɗaya ko ƙulli, galibi bayan shekaru. Idan kin gani, a yi hoto, a zuƙo ruwan da ya taru a gefen robar a gwada.