Zan Sa A Sassaƙa Hoton Tsabar Kuɗin Rumawa, In Fara Wanke Su?

Tambaya: Ina da tsabar kuɗin Daular Rum guda tara da na saya a gwanjo. Ina so a sassaƙa hotonsu a farantin jan ƙarfe a buga a takarda. Na tagullar sun yi kore, rubutun wasu ya sude. Wani dillali ya ce in jiƙa su a ruwan lemun tsami, mai sassaƙar kuma ya ɗan fito da haruffan. Hankalina bai kwanta ba.

Amsa: Malam, gara da hankalinka bai kwanta ba. Kada ka bari ko ɗigon lemun tsami ya taɓa su.

Wannan koren ba dauɗa ba ne. Fata ce da tagulla ta yi cikin ƙasa a shekaru kusan 2000, kuma sau da yawa fuskar sarki da haruffan a jikinta suke. Tsami zai cinye ta, ya bar maka ƙarfe mai ramuka. Haka ruwan kal, haka man goge ƙarfe, haka burushin waya. Kullum sai an kawo mana sestertius, wato babban kuɗin tagulla na Rumawa, da aka goge yana ƙyalli, mai shi yana murna, alhali darajarsa ta zube. Maganar fito da haruffa kuwa ta fi muni. Duk kuɗin da aka sa wa ƙarfe aka gyara masa hanci ko rubutu, masana na ganewa da gilashin ƙara girma, kuma gidajen gwanjo na kirki ko dai su ƙi shi ko su rubuta aibin a bayaninsa. Dillalin da ya ba ka wannan shawara bai san sana'ar ba, ko kuma ya saba sayar da gyararru. Aikin mai sassaƙa a kan faranti yake, ba a jikin kuɗinka ba.

Koren da ake tsoro ɗaya ne: mai haske, mai kama da gari, wanda ke ɓullowa daga rami. Gishirin kulorayid ne ke ci da taimakon danshi. Ware wannan, ka sa shi wuri busasshe, ka kai wa masanin adana kayan tarihi.

Ba sai ka miƙa wa mai sassaƙar kuɗin ba ma. Ɗauki hoton gaba da baya da haske daga gefe, da rula a kusa. Rubuta nauyi da faɗi: dinarin azurfa na zamanin Augustus kusan giram 3.9 ne, sestertius kuma yakan kai giram 25 zuwa 28. Sharaɗin farko, ya zana abin da ke nan kawai, inda ya sude ya bar shi a sude. Tsofaffin masu zane sun sha cike giɓi da tunaninsu, suka rikita masu bincike.

A juye ake sassaƙa faranti, kamar a madubi, don haka nemi bugun gwaji ka duba S da N da C harafi-harafi ko sun juye kafin ka biya. Ku rubuta adadin kwafi da wanda zai riƙe farantin.

Kafin duk wannan, a tantance kuɗin. Wani maƙeri mai suna Giovanni da Cavino, na birnin Paduwa a Italiya, ya ƙera kwaikwayon sestertius tun ƙarni na 16, har yau suna yawo a kasuwa. Ka kuma adana takardun da ke nuna hannun da kowane ya bi kafin ya zo gare ka.